AC na aiki amma muna tashi da ciwon kai: ko na'urar musayar iska za ta yi a Birnin Kebbi?

Baban Khalifa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sanyaya ɗaki da iskar cikin gida, musamman mazauna yankinmu na Kebbi da Sakkwato da Zamfara, domin matsalata ta zafinmu ce da ƙurarmu.

Bara Allah ya nufa na kammala ɗan gidana a wajen Gesse muka tare. Ginin bulo ne, rufin kwano, silin POP, da tagogin alminiyum masu zugewa waɗanda aka bi gefensu da roba aka liƙe. Da gangan na sa aka yi haka, saboda a gidan hayar da muka baro, in hunturu ya shigo sai a share ɗaki da safe, kafin la'asar ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan talabijin. Ƙofar ma akwai robar da ke toshe ƙasanta in an rufe. Ɗakin kwanan mita 4 ne sau 4, tsayinsa mita 3. Da bazara mu huɗu ke kwana a ciki, ni da maiɗakina da yara biyu ƙanana, don shi kaɗai ke da AC, kuma shi kaɗai solar da batirin da nake da su za su iya ɗauka in an ɗauke wuta.

Sanyi kam akwai shi, alhamdu lillahi. Amma in aka kira asuba sai in tashi kaina ya yi nauyi, maiɗakin ma haka, jiki duk a mace kamar ba a yi barci ba. In na fita masallaci na dawo na buɗe ƙofar, wani irin wari mai nauyi ke tarbe ni, warin numfashi da gumi da turaren jiya. 'Yata ƙarama tana da asma, kuma ita ce abin ya fi damuna a kanta.

Na san za a ce in buɗe taga. Na gwada. A watan Afrilu in ka buɗe taga a garin nan, aikin AC ya tashi a banza, batir ya ƙare kafin ƙarfe uku na dare. Da damina sauron fadama da danshi, da hunturu ƙura, ga maƙwabcina ta baya yana kunna janareto.

Ƙanen maiɗakina da ke karatu a Kanada ya ce a can gidaje da yawa suna da wata na'ura da ake kira HRV, tana fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa ba tare da an yi asarar ɗumin gida ba, akwai kuma 'yar'uwarta ERV. To su sanyi suke gudu, mu zafi. Shin abin zai yi aiki a juye? Wacce ta dace da mu? Wuta nawa take ci, don kowane wat a gidana a lissafe yake? Kuma ƙurar hunturu ba za ta kashe ta ba? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran AC, Jega

Wa alaikumus salam yallaɓai. Abu na farko da nake so ka gani da idonka: je ka bayan ɗakin ka duba ramin da aka huda bango aka haɗa injin ciki da na waje. Me ya bi ta ramin? Bututun tagulla biyu na gas, wayar wuta, da tiyon da ke zubar da ruwa. Shi ke nan. Babu inda iskar waje take bi ta shigo. Wannan AC ɗin da ake maƙalawa a bango, iskar ɗakin yake zuƙa ya sanyaya ya mayar maka, ita ɗin dai ita ɗin har gari ya waye. Mutane da yawa da nake wa aiki sun ɗauka injin waje ne ke turo musu iska mai sanyi. Tsofaffin AC na taga, wasunsu suna da wani ɗan maɓalli da ake turawa ya buɗe ƙofar iska kaɗan, amma irin naka na bango yawancinsu babu.

To ka liƙe taga, ka toshe ƙasan ƙofa, mutum huɗu suna numfashi. Ba abin mamaki ba ne.

Na taɓa yin aiki a wani otal a Abuja inda aka ɗaure irin wannan na'ura a cikin silin. Akwati ne shimfiɗaɗɗe, bakuna huɗu, fanka biyu. Da muka buɗe, filtar ta zama kamar an yaɓa mata laka, fanka na juyi amma ko takarda ba ta motsawa a bakin bututun. Ba wanda ya taɓa buɗe ta tun da aka saka. Wannan a Abuja ke nan, ina ga Kebbi. Shi ya sa ni shawarata, kafin ka kashe kuɗi mai yawa, ka fara da masu sauƙi. Cire filtar AC ɗinka ka wanke, ka haska tocila cikin fankar da ke kwance a ciki, in ka ga baƙin ɗigo-ɗigo to fumfuna ce, a zo a wanke, don ita ma tana tayar da asma. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta, kada a sa su a rufe ɗaki a kwanta. Sannan in ɗakin yana da bayi a ciki, a sa ƙaramar fankar zuƙe iska a bayin, a cire robar ƙasan ƙofar ɗakin. Iska za ta riƙa shigowa daga falo a hankali.

Injiniya, Gusau

Salam. Abin da ɗan'uwana na Jega ya faɗa game da AC gaskiya ne, bari in ɗora da lissafi don ka ga girman matsalar.

Iskar waje tana ɗauke da iskar CO2, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wajen kashi 420 cikin miliyan. Babban mutum in yana barci yana fitar da kimanin lita 13 zuwa 15 a awa, yara ƙasa da haka. Ku huɗu a ce lita 40. Ɗakinka mita 4 sau 4 sau 3, wato lita 48,000 na iska. A awa takwas kun zuba lita 320 a ciki. Da a ce ɗakin a rufe yake ruf ba ko kafa, da ma'aunin ya haura 6,000. Ba ɗakin da ke rufuwa haka, amma irin naka kaiwa 2,500 ko 3,000 kafin asuba ba wuya. Masu harkar gini sukan ɗauki 1,000 a matsayin alamar cewa iska na wadatar mutanen da ke ciki. Kuma CO2 ɗin manuniya ce kawai: in ta taru, to warin jiki da tururin fenti da na katakon kabad da ƙwayoyin cutar da wani ya yi tari ya fitar, duk sun taru tare da ita. In kana so ku tsaya kusa da 1,000, ɗakin na bukatar sabuwar iska wajen mita kubik 70 a kowace awa. Riƙe wannan lamba, da ita za ka je kasuwa.

Yadda na'urar take: fanka ɗaya na jawo iskar waje, ɗaya na fitar da ta ɗaki. Dukansu suna ratsa wani dunƙule a tsakiyar akwatin, wanda aka yi da siraran faranti jere a kan juna, iskar waje na bin wannan tsaga, ta ɗaki na bin ta kusa da ita. Ba sa gauraya, zafi ne kawai ke ratsa farantin, kamar dai in ka sa kofin kunu mai zafi cikin kwanon ruwan sanyi: kunu ya huce, ruwa ya yi ɗumi, ba wanda ya shiga wani. Zafi kullum daga mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, bai san Kanada ba bai san Kebbi ba. Don haka amsar tambayarka ta farko, e, tana aiki a juye. A can iskar da ke fita ce ke ɗumama mai shigowa, a nan iskar ɗakinka mai sanyi ce za ta rage zafin mai shigowa kafin a jefar da ita waje.

Ba mamaki surukinka ya gan ta ko'ina a Kanada. Bayan tashin farashin mai na 1973 suka shiga liƙe gidajensu don kada ɗumi ya tsere, sai suka faɗa irin halin da ka faɗa yanzu. Wani gidan gwaji da aka gina a garin Regina a 1977 yana cikin na farko da aka sa wa irin wannan na'ura. Ta ɓangaren Japan kuma, inda suke fama da danshi lokacin zafi, kamfanin Mitsubishi Electric ya fito da tasa mai suna Lossnay tun 1970, wadda cikinta na wata takarda ce ta musamman.

Nan bambancin yake. HRV farantinta alminiyum ne ko roba, zafi kaɗai ke ratsawa. ERV nata wata takarda ce ko fata-fatar roba mai barin tururin ruwa ya ratsa shi ma. Mu ERV ta dace da mu, kuma dalilin yana cikin yanayinmu biyu. A watan Agusta, iskar da za ka shigo da ita, a ce mita kubik 90 a awa, wato ɗan sama da 70 ɗin nan, tana iya ɗauko fiye da rabin lita na ruwa a kowace awa sama da abin da ke cikin iskar ɗakin, kuma AC ne zai sha wahalar tatse shi. ERV tana mayar da wajen rabin wannan danshin waje tun kafin ya shigo. Da hunturu kuma abin ya juya: iskar waje ta bushe ƙayau, leɓe na tsagewa, yara na haɓo, sai ERV ta riƙe wani kaso na danshin ɗakin ta mayar muku. HRV ba ta yin ko ɗaya, kuma da damina ruwa zai iya taruwa a cikinta, sai an yi mata tiyon zubarwa.

Yanzu maganar wuta, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau, don masu sayarwa za su ce maka tana rage kuɗin wuta. A ce tsakar rana ce a Afrilu, waje digiri 43, ɗaki 26. Shigo da iska mita kubik 90 a awa kai tsaye zai ɗora wa AC zafin da ya kai wat 500. Na'ura mai kyau tana kwashe kashi 70 cikin 100, iskar ta shigo a digiri 31 maimakon 43. An rage wa AC wajen wat 350 na zafi, wanda a wutar da yake ci bai wuce wat 120 ba, don AC da wat ɗaya yake kwashe zafin wat uku. Fankokin na'urar kuma, ƙaramar irin wadda za ta ishe ka, suna cin wat 40 zuwa 60. Ka ga ribar ba ta taka kara ta karya ba. Da dare kuwa, lokacin da kake bukatarta, in waje 32 ne ɗaki 26, abin da ta cece maka da abin da ta ci kusan kunnen doki ne. Saboda haka kada ka saye ta don rage wuta. Ka saye ta don ta ba ka iska tatacciya, a ƙayyade, ba sauro ba ƙura, ba tare da batirinka ya mutu ƙarfe uku ba. Ba ta sanyaya ɗaki, AC na nan a matsayinsa.

Inda na ɗan saba da ɗan'uwana na Jega shi ne fankar bayi. Tana da araha kuma tana aiki, amma duk iskar da ta fitar sai wata ta maye gurbinta, kuma ta duk kafar da ta samu za ta shigo: ƙasan ƙofar falo, ramin fitilar silin, gefen taga. Ba a tace ta ba. Da damina ba laifi. Da hunturu kuwa, ga mai yarinya mai asma, ƙura ce kake jawowa da kuɗin wutarka.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya, Argungu

Baban Khalifa, ni ba na'urar ce ta tsayar da ni ba, maganar janareton maƙwabcinka ce. Ciwon kai da asuba, jiki a mace, mutum biyu a ɗaki ɗaya lokaci ɗaya, don Allah kada ka yanke cewa numfashinku ne kawai sai ka tabbatar ba hayaƙi ba ne. CO2 da Injiniya ya yi bayani daban, CO daban. CO ita ce gubar da ke fita daga janareto da garwashin gawayi, ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma mai barci ba ya jin komai, wucewa kawai yake yi. Kowa a ƙasar nan ya sha jin labarin iyalin da aka wayi gari an fasa ƙofa an same su. Da hunturu kuma mata na shiga da kaskon wuta ɗaki saboda jariri su rufe ƙofa, shi ma hanya ɗaya ce.

Akwai ɗan ƙararrawa mai batir da ke ƙara in CO ta taru, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Shi za ka fara saya, a maƙala a ɗakin. Ka lura kuma, daren da janareton bai tashi ba, kuna tashi da ciwon kan? Masana lafiya na cewa janareto ya yi nesa da taga ko ƙofa da aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa kuma ya juya wa gida baya. In na maƙwabcinka a jikin katangarka yake, ka je ku yi magana ta maƙwabtaka, shi ma iyalinsa na cikin haɗarin.

Sai abu na biyu. Mu da ke wannan yanki mun san sanƙarau, kuma lokacinsa shi ne lokacin da kuke cunkusuwa ɗaki ɗaya, daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar ruwa. Annobar da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 ta taɓa har Kebbi da Sakkwato da Katsina da Neja. Abin da muke faɗa wa mutane kullum shi ne a guji kwana a cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa, a kuma yi rigakafi. Ba ina cewa na'ura na maganin sanƙarau ba ne, rigakafi dai rigakafi ne. Ina nufin dai damuwarka tana kan hanya.

Ita kuma yarinyar, in tari na tashinta da dare ko kuna yawan ba ta abin shaƙa, a mayar da ita wurin likita a sake duba maganinta, kada a jira sai an gyara ɗaki. Labule mai kauri da kafet da tarin kaya a saman kabad, a rage su. A riƙa goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Baba Alhaji, Gwandu

Ɗana, Allah shi ba yarinya lahiya. Ni ban san wagga na'ura ba, jikana ne ya karanta min na ce sai na sa baki.

Gidan da anka haihe ni na ƙasa ne, bango kauri ya kai kamu guda da rabi, rufin azara da ƙasa bisa. Da rana in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka, zahin rana ba ya gama ratsa bangon sai dare ya yi, lokacin kuwa mun fito tsakar gida da tabarmi. Tagar ɗakin 'yar ƙarama ce can sama kusa da rufi, iska mai zahi ta hau ta fita, ƙofa kuwa asabari ne ko labule. Ba mu san tashi da ciwon kai ba. Da munka samu kuɗi munka rushe munka yi bulo da kwano, sai munka koma sayen sanyi.

Ban ce ka rushe gidanka ba, kuma na san kwanan waje ya yi wuya wanga zamani, 'yan'uwanmu na Zamfara da wasu sassan jiharmu sun fi kowa sanin dalili. Amma ka dasa dogon yaro ta yamma da ɗakin ya tare maka ranar la'asar. In magariba ta yi, kahin ku kunna injin, a buɗe tagogi da ƙofa duka iska ta ratsa, sa'annan a rufe. Kuma yara in sun tasa a raba musu ɗaki.

Baban Khalifa, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na karɓi shawara, dogon yaro kam har na yi wa mai sayar da dashe magana.

Maman Hanifa, maganarki ta hana ni barci a daren da na karanta ta. Na samo ƙararrawar na maƙala, har yanzu ba ta yi ƙara ba, alhamdu lillahi. Duk da haka na je wurin maƙwabcin, mutumin kirki ne, ya matsar da injin can ƙarshen gidansa.

Na kuma samo ɗan ma'aunin CO2 a wurin wani abokin aikina. Da muka shiga kwanciya yana nuna ɗari bakwai da wani abu. Na farka wajen ƙarfe biyu na haska, ya wuce 2,000. Da asuba ya kusa 2,900, fitilarsa ta koma ja. Na tsaya ina kallon yaran suna barci cikin wannan iska, raina bai yi min daɗi ba. Daren da na bar ƙofar ɗakin a buɗe kamar faɗin tafin hannu zuwa falo, bai wuce 1,500 ba, kuma mun tashi garau, sai dai AC bai huta ba ko kaɗan, batir ya yi ƙasa sosai. Malam na Jega, an wanke AC ɗin, kuma yadda ka faɗa haka aka samu, ruwan da ya fito baƙi ƙirin.

Injiniya, na gamsu ERV ce. Amma na ga iri biyu a intanet. Akwai akwatin da ake sawa a silin da bututai, akwai kuma wata kamar bututu guda da ake huda bango a zura, an ce wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Zuciyata ta fi karkata ga ta biyun saboda ba sai an fasa POP ba. Me ka gani? Kuma ta wane bango za a jawo iskar? Tagar ɗakin na kallon gabas, bayan ɗakin kudu ne, ramin masai kuma yana ta yamma.

Injiniya, Gusau

Madalla da ka auna, yanzu ba hasashe muke yi ba.

Ta bangon nan na san ta. Cikinta wani dunƙulen tangaran ne mai ƙananan ramuka, fanka ɗaya ce, tana fitar da iska na kimanin daƙiƙa 70 tangaran ɗin ya ɗauki sanyin ɗaki, sai ta juya ta jawo ta waje ta cikinsa. Wuta kam 'yar kaɗan take ci, gaskiya ne. Amma bibbiyu ake sa su, ɗaya na fitarwa ɗaya na shigarwa, in ba haka ba rabin lokaci ta kafofin ɗakin iskar za ta riƙa shigowa. Yawancinsu iskar da suke bayarwa ba ta kai 70 ɗin da kuke bukata ba sai an ƙure su, in an ƙure kuma ƙararsu a kan kunnenka take. Babbar matsalar ita ce filtarsu siririya ce, ta tare ƙwari da ƙura mai gwaɓi. An yi su ne don Turai. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda take isowa nan lukui ce kamar garin fulawa, ita ce mai shiga can cikin huhu, kuma ratsa irin wannan filta za ta yi.

Don haka ga ɗakin da ke da mai asma, ni akwatin zan zaɓa, mai ba da mita kubik 100 zuwa 150 a awa, a riƙa tafiyar da shi a ƙaramin gudu. Filta biyu a jere a hanyar iskar waje: ta farko mai kama gwaɓin ƙura wadda ake wankewa, za ka ga an rubuta G4, ta biyu mai kama lukui, F7 ko MERV 13. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa inda za ka samu wasu filtocin in waɗannan sun mutu, ka kuma sayi na ajiya tun ranar. In ya kasa ba ka amsa, ka bar masa kayansa. Littafin na'urar zai ce a duba filta bayan wata uku ko shida. Daga Disamba zuwa Fabrairu a nan, duk mako biyu za ka duba.

Shi ya sa ma ba na son a ɓoye ta cikin POP inda sai an kira mai tsani. Abin da ɗan'uwana ya gani a Abuja ke nan. Ga kuma zafi: tsakanin kwano da silin da rana yana haura digiri 55, bututun da ba a naɗe da abin tare zafi ba zai mayar maka da duk zafin da na'urar ta cire. In akwai baranda ko lungu mai inuwa a jikin ɗakin, a ɗaure ta can a bango inda hannunka zai kai, a yi mata ɗan akwatin kariya, bututai gajeru su ratsa bango. In dole sai silin, a yanka ƙofar dubawa mai faɗi daidai ƙarƙashinta, a naɗe bututan duka.

Bango kuwa, kudu. Gabas ba ta yi ba, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, hadarin damina ma ta gabas yake zuwa da ruwa a kwance. Yamma ga ranar la'asar ga masai. A sa bakin jawo iskar a sama ƙarƙashin inuwar rufi, yana kallon ƙasa, da ragar sauro wadda za a iya cirewa a wanke. Ya yi nesa da bututun warin masai da tagar kicin da wurin ajiye mota da aƙalla mita 3, janareto kuwa yadda Maman Hanifa ta faɗa, domin filta ba ta tare CO, in ka jawo shi kai tsaye kan gadonku za a kai shi. Bakin fitar da iska kada ya zauna dab da na jawowa, in ba haka ba abin da ka zubar za ka sake sha. Kada kuma a bar bakin jawowar kusa da injin AC na waje, iska mai zafi yake hurawa.

A cikin ɗaki, sabuwar iskar ta sauka kusa da inda AC ke zuƙa don ta gauraya da sanyi kafin ta iso kanku, wurin zuƙe tsohuwar kuma ya kasance a ɗaya ɓangaren. In na'urar na ba da dama, a sa mai shigowa ta ɗan fi mai fita, ta yadda iska za ta riƙa tura kanta waje ta kafofi maimakon ƙura ta shigo ta nan. Kada a haɗa ta da hayaƙin kicin, maiƙo na toshe cikinta. Kuma in cikin nata na takarda ne, ruwa ba ya taɓa shi, da injin zuƙar ƙura ko burushi mai laushi ake share shi. Ka nemi mai hanyar kewaye, wadda ke barin iska ta wuce ba ta bi ta dunƙulen ba, don a daren Disamba da Janairu iskar waje ta fi ta ɗaki sanyi, sai ka kashe AC gaba ɗaya ka bar fanka da filta su yi aikin.

Kafin kayan su iso, ka ci gaba da barin ƙofar a ɗan buɗe, ka ɗaga AC zuwa 27 ka haɗa da fankar tsaye, batirin zai fi jurewa. In ka samu wadda ta kwanta maka, turo hoton takardar da ke liƙe a jikinta, mai nuna yawan iska da wat da ƙara, in duba maka kafin ka biya.